Fitilar Motar Hodi

Birnin Kebbi,
12 ga Maris, 1983.

Zuwa ga matata Kezia, Maman Susanna,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da Susanna da abin da ke cikinki. Yaya ƙafar Mama? Ki gaishe ta da kyau, da duk mutanen gida a Kagoro.

Za ki ga rubutuna ya karkace. Kada ki tsorata, ina raye, kuma da ƙafata nake tafiya. Hannuna na hagu ne a ɗaure, ba abin da zan danne takarda da shi. Gara ki ji labarin daga bakina kafin direbobi su kai miki shi da ƙari.

Kin san Tamba, direban nan mai yawan dariya da ke jan a-kori-kurar yayansa Hodi, yana ɗauko albasa daga Argungu. Ranar Litinin ya kawo mini motar gareji, ya ce fitilun gaba sun mutu. Na duba na tarar fiyus ya ƙone, na sa sabo. Ƙwan dama ya yi baƙi, shi ma na canza. Muka kunna, haske ya kawo tar, ya ja motarsa yana ta sauri don lodi na jiransa.

Ranar Laraba bayan magariba ya baro Argungu da lodi. Bai yi nisa ba, daidai wani ƙauye na bakin fadama, fitilun suka ɗauke gaba ɗaya, hayaƙi ya cika masa fuska. A cikin duhun nan ya banke wani manomin shinkafa mai suna Usmanu da ke komawa gida a kan keke. Nan take Usmanu ya cika.

Kezia, mutanen ƙauyen suka fito da sanduna da fartanya. Suka jawo Tamba ta taga, suka yi ta bugu. Sun fasa masa kai, sun karya masa haƙarƙari, idonsa ɗaya ya tsiyaye. An ce har wani ya ɗebo kananzir. Mahaifin mamacin ne, wani tsoho, ya kwanta a kansa ya hana a ƙarasa shi, alhali gawar ɗansa na gefe. Tamba yana asibitin Argungu yanzu. Da ya farfaɗo, abin da ya fara faɗa shi ne Matiyu ne ya gyara fitilar.

Washegari da hantsi ina ƙarƙashin wata mota sai na ji an ja ƙafafuna. Hodi ne da mutum biyu. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki ƙarfen cire taya ya kai mini a ka, na tare da hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas. Na faɗi, sauran suka bi ni da ƙafa, a ciki, a baki, haƙorina ɗaya ya fita. Yana duka yana kuka, yana cewa na makantar masa da ƙane, na sa shi ya kashe rai. Sai da makanikai suka taru suka rirriƙe shi. Jinina na nan a jikin ƙofar shagon, ban iya wanke shi ba tukuna.

Masu gareji sun ce in kai shi ƙara, wasu sun ce in tattara in dawo gida. Ban yi ko ɗaya ba. Abin da ke cina ya fi karayar ciwo: ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Motar na caji ofis a Argungu, zan je in roƙa a bar ni in duba ta da idona.

Ki yi mini addu'a. Kada ki taso, zamanki a can ya fi mini kwanciyar rai.

Mijinki,
Matiyu.

Birnin Kebbi,
17 ga Maris, 1983.

Zuwa ga Kezia tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan nauyin jiki bai hana ki barci ba. Ki shafa mini kan Susanna. Kumburin fuskata ya sauka, ina iya cin tuwo da miya.

Na je Argungu ranar Talata. Sajan ɗin caji ofis ya yarda, amma ya ce sai a gaban mai motar, aka aika aka kira Hodi. Motar kuwa duk gilasai a fashe, gashin Tamba na manne da jini a jikin ƙofa.

Aikin waya ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Sajan ya ce wa Hodi ya riƙe mini. Haka mutumin da ya karya ni ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, yana riƙe da ƙwan gwaji, ina nuna masa inda zai taɓa. Batir na da wuta. Ƙwayayen fitilu lafiyarsu lau. Na buɗe gidan fiyus, sai na ga wanda na sa ya sake ƙonewa, an naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli ta kwalin sigari. Tamba ne ya yi, don fitila ta kawo ya samu ya iso. Fiyus kuwa aikinsa ke nan ya mutu don waya ta tsira. Da aka hana shi mutuwa, wayar ce ta kama wuta.

Na ciro takardar na nuna musu. Hodi ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Sajan ya ce to magana ta ƙare, in rubuta ƙarar wanda ya doke ni.

Da na tsaya nan, da na fita fes. Amma hannuna ya riga ya bi ƙonanniyar wayar daga makunni har ramin da take ratsa ƙarfen mota ta fita wajen inji. Robar da ke kare ta a ramin ta cinye tun tuni. Ƙarfe ya goge bayan wayar har jan ƙarfen ciki ya fito, duk ramin hanya da aka faɗa sai ta taɓa jikin mota. Abin da ya ƙona fiyus na farko ke nan. Ni kuma na canza fiyus ban tambayi abin da ya ƙona shi ba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, na san wannan tambayar. Tamba sauri yake yi, ni ma na biye masa. Minti goma kacal, da Usmanu na gonarsa yau.

Ba wanda zai gane in ban faɗa ba. Na faɗa, Kezia. Na ɗora yatsan Hodi a kan wurin. Na jira ya tashi ya ƙarasa ni. Sai ya tambayi abin da ake buƙata don gyara. Ya je kasuwa ya sayo waya da roba da tef. Na yanke ƙonanniyar, ya murɗa sabuwar yadda na nuna masa, na like ta da dalma. Muka jijjiga motar da ƙarfi, haske bai ko ƙifta ba. Na ce wa sajan ba ni da ƙara.

Jiya aka ba shi motar, kuma jiya ne kwana bakwai da rasuwar Usmanu. Ya ce zai je gaisuwa, na ce zan bi shi. Muka ajiye motar nesa da ƙauyen muka taka da ƙafa. Samari suka miƙe da suka gane mu, ɗaya har ya ɗauki dutse. Tsohon ya ɗaga hannu, suka koma suka zauna. Na durƙusa na gaya masa rabona a cikin mutuwar ɗansa, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, yana kallon ɗaurin hannuna. Sai ya ce, “Hitilar ta gyaru?” Na ce ta gyaru, Baba. Ya ce, “To ku tashi ku tahi tun rana ba ta hwaɗi ba. Akwai ɗiyan mutane bisa hanya.”

Muka tashi ni da Hodi, muka kamo hanyar Birnin Kebbi.

Ki gai da Mama. Allah ya sauke ki lafiya.

Ni ne mijinki,
Matiyu.