Muryar Matata Tana Cikin Akwatin da Ya Ƙi Tashi

Malam, ka taimaki tsoho. 

Ɗana, wanda aiki ya kai nesa, ya ajiye mini wani baƙin akwati a falo, kusa da na'urar intanet. Ya ce rumbun ajiya ne, faifai biyu ke cikinsa. A nan ya zuba hotunanmu da muryar mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, wadda ya riƙa ɗauka lokacin tana jinya. Akwai inda take yi mini faɗa don na bar tabarau a banɗaki. Kullum in na sha maganin safe nakan danna wayata in saurari faɗan nan. Shi ne hirata, don gidan daga ni sai agogon bango.

Marigayiya ba ta barin kaya tsirara. Rediyo, talabijin, keken ɗinki, kowanne da rigarsa. Da na ga ƙura ta fara hawa akwatin, sai na ɗauko ƙyallen da ta saƙa wa rediyonmu na lulluɓe shi ruf, a ganina gata na yi masa. Ranar da na taɓa shi sai na ji zafi kamar dutsen guga. Yanzu in na kunna, fitilarsa sai ƙyaftawa, fankarsa ta yi gurnani ta yi shiru, waya ta ce ba ta gan shi ba. Na kashe na kunna ban san adadi ba. Har ɗan mari na yi masa, yadda muke yi wa rediyo a zamaninmu.

Mai gyaran waya na bakin titi ya ce in kawo ya wanke shi ya dawo sabo. Kalmar wankewar nan ta hana ni sukuni. Ɗana kuwa na kasa gaya masa, kada ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Abin da ya fi firgita ni, Malam, jiya na rufe ido in tuno muryarta da kaina, ban same ta ba. In akwatin nan ya mutu, na sake rasa ta ke nan?

Tsoho mai kewa

Baba, Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara maka lafiya. Kafin komai, zare wayar akwatin daga soket, ka yaye ƙyallen. Kada ka ƙara kunnawa, marin ma ya isa haka, don faifai ba ya son girgiza.

Ga abin da zai ɗan kwantar maka da hankali: akwatin gida ne kawai, muryar tana cikin faifan. Sau da yawa zafi fanka yake kashewa, ko kuma cajar da ke ba akwatin wuta ce ta gaza, faya-fayan kuwa lafiyarsu ƙalau. Irin wannan na'ura mai faifai biyu, akasari abin da ke ɗaya yana ɗayan. Ba zan yi maka alkawari ba, amma alamun da ka faɗa ba na yanke ƙauna ba ne.

Mai gyaran ba mugu ba ne, haka ake yi wa waya in ta rikice. Sai dai wankewa gogewa ce, tsoronka yana kan hanya. Kada ka yarda a wanke, kada a danna maɓallin mayar da shi sabo, kada a zaro faya-fayan a sauya musu gurbi. Wanda ya san irin wannan rumbu zai fara gwada wata caja daidai da tasa, ya duba fanka, ya kwafe komai kafin gyara.

Batun ɗanka kuwa, Baba, a nan ban goyi bayanka ba. Shi ya haɗa akwatin, shi ya san sirrinsa, wataƙila ma muryar tana wayarsa har yanzu. Lulluɓe kaya ba ruɗewa ba ce, tarbiyyar Mama ce, shi ma a cikinta ya tashi. Ka kira shi yau. Uwarsa ce, shi ma yana da faɗan da yake tunawa, ku tuna tare.

Ƙyallen kuma ka mayar wa rediyo kayansa. Allah ya sa ka sake jin faɗan tabarau da kunnenka.