Wanda Ya Amsa Sunan Auta

Zuwa ga Yaya, 'yar Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙarfin jikin Malam?

Ni ce malamar da ta gaji mahaifinki a darasin tarihi da na gwamnati bayan ya yi ritaya, ni ma kuma a hannunsa na yi karatu. Ranar Alhamis ina tsaka da darasi sai ga shi ya shigo, rigarsa a goge, ya ce min, "Yarinya, koma wurin zamanki." Wallahi ban san lokacin da na nemi benci na zauna ba. Ya ɗauki alli ya yi bayanin rabon iko tsakanin majalisa da kotu da masu zartarwa, ko tuntuɓe bai yi ba. Da aka kaɗa ƙararrawa kuma ya tsaya a bakin ƙofa bai san hanyar gida ba, sai mai gadi ne ya rako shi.

Shugaban makaranta ya ce kada a sake barinsa ya shigo. Na roƙe shi ya bar mana Alhamis kaɗai, ranar da ɗalibai ke zaman majalisar gwaji, tunda Malam ne ya ƙirƙiro ta. Ya ce sai da yardar iyalinsa a rubuce. Don Allah ki duba.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Malamar Gwamnati

*

Malama,

Wa alaikumus salam. Na gane ki sarai, ba ke ce mai kuka duk ranar jarrabawa ba? Ajinku ɗaya da ƙanena Auta.

Na yarda, ki nuna wa shugabanku wannan takardar. Baba ya manta ko ya ci abinci, jiya ma ya tambaye ni ko ni ce sabuwar mai wanki, amma ki taɓo masa tsarin mulki ki ga zuba. Ina kan keken ɗinki yana koya wa masu kawo min ɗinki hauhawar farashi, kamar ba su suka fi shi sani ba. Ranar da ya je wurinku ya cinye abincinsa tas, ya yi barci. Rabon da in ga haka har na manta.

Kada a ba shi shayi mai sukari, ko da ya rantse likita ya yarda. A gaida ɗaliban.

Yayarki, mai ɗinki

*

Malama,

Sallama. Yau gaisuwata gajeriya ce, raina a ɓace yake.

Watanni ke nan Baba na zuwa majalisarku yana dawowa da fara'a, ina ta sa miki albarka. Jiya ya shigo yana dariya ya ce in ajiye wa Auta abinci, wai yau ya riƙe majalisa da kyau, yana nan tafe. Ya ja kujera bakin ƙofa ya zauna, duk babur ɗin da ya wuce sai ya miƙe. Har abincin ya huce bai tashi ba.

Ke kin san Auta ya rasu. Kina cikin waɗanda suka zo mana gaisuwa da kayan makaranta a jikinku. To wa ya amsa wa mahaifina sunan ɗansa? Kina ina aka yi haka?

'Yar Malam

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri.

Ina wurin. Malam ba ya kiran yaran nan da sunayensu, da sunayen tsofaffin ɗalibansa yake kiransu, su kuma suka yi shawara a junansu cewa duk sunan da ya ba mutum ya karɓa. Sannan akwai dokar da shi da kansa ya kafa tun zamaninmu, cewa kakakin majalisa ba ya barin kira ya faɗi ƙasa, ko wa ya yi shi. Wannan zangon wani dogon yaro aka zaɓa kakaki. Yana zaune a kujerar, sandar tsintsiyar da muke yi wa laƙabi da sandar majalisa tana gabansa, kamar yadda Auta ya zauna a shekararmu ta ƙarshe. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Auta, ɗaga muryarka, na baya ba sa ji." Yaron ya miƙe ya ce, "To, Baba."

Yaron bai san komai ba. Ni na sani, amma ban hana ba, saboda yadda fuskar Malam ta washe.

Na nemi shawarar malamin ilimin halayyar ɗan Adam. Ya yi ta jero min abin da littattafai suka ce, a ƙarshe dai ya ce shi ma bai san abin da zai yi ba da a ce mahaifinsa ne. Yaron ya yi kuka da ya ji labarin. In kin ce a daina, za a daina, ba kuma zan ga laifinki ba.

Allah ya ƙara haƙuri.
Ƙanwarki

*

Malama,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki. Ki yafe min zafin takardar baya.

Na hana Baba zuwa, kin dai gani. Na zaunar da shi na faɗa masa gaskiya, cewa Auta ya rasu a hatsarin mota da daɗewa. Malama, kuka ya yi irin na ranar farko, yana tambayata don me ba a gaya masa ba, wa ya yi masa salla. Washegari ya manta, ya sake tambaya, na sake faɗa, ya sake kukan. Ni ma duk faɗa sai in ji kamar yau aka fita da gawar. Na gaji, ƙarfina ya ƙare.

Alhamis ya sa takalmansa tun safe ya zauna a bakin gado, na ce masa ana hutu. Ya ce, "Shekara nawa ina koyarwa, za ki gaya min lokacin hutu?" Bai ci komai ba ranar.

Zan kawo shi wannan makon. Ki ce wa yaron ya amsa. Amma in an tashi ya je ya gaya wa Baba cewa a ɗakin kwanan ɗalibai zai zauna saboda jarrabawa, don kada ya jira shi a ƙofa. Allah ya yafe mana, ni da ke da yaron.

Kuma in ba zan takura muku ba, ki ajiye min wuri a bencin baya. Tun da aka binne ƙanena ban ƙara jin an kira sunan nan an amsa ba. Ni ma ina so in ji.

Sai mun zo.
Yayarki