Dokar ta fara aiki a gidana

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Dokar ta wuce. Ina zaune a benen 'yan kallo na majalisar jiha aka ƙirga ƙuri'u, amma da kunnen hagun nan da tsohon mijina Clive ya kashe min ban ji sakamakon ba, sai da Glenys ta damƙe hannuna tana cewa, "Noelene, mun ci, kurma kawai." Shekara da shekaru ni da aminiyar nan tawa muna rufe shagon kifi mu hau bas zuwa birni, 'yan majalisa su ba mu shayi da alkawari. Daga watan Maris, duk macen da hankalinta bai kwanta da saurayi ko miji ba tana iya tambayar 'yan sanda ko ya taɓa dukan wata. Danginta ma suna iya tambaya mata. Da a zamanina ne, da na ji abin da Clive ya yi wa matarsa ta fari kafin in shiga gidansa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mata sun cika shago. Kifi da dankali kyauta har mai ya ƙare. Na taka rawa, ni da wannan gwiwar.

Laraba, 25 ga Disamba

Zafi kamar tanda, don a nan ƙasar Disamba tsakiyar bazara ce. 'Yata Tegan ta kawo saurayinta Brodie cin abincin Kirsimeti, wanda suke zaune tare, mai aiki a jirgin kamun kifi. Ladabi kam ba a magana, shi ya ɓare min jatan lande, shi ya wanke kwanuka. Amma wayarta a aljihunsa take. Kuma in za ta yi dariya sai ta fara duban fuskarsa. Na san wannan kallon, na daɗe ina yin sa.

Litinin, 3 ga Maris

Doka ta fara aiki. Kafin in kunna wutar suya na isa ofishin 'yan sanda. Saja Petrakis ta ganni ta ce, "Uwar doka ce ta farko a layi?" Da na faɗi sunan Brodie ta daina murmushi. Ta ce duk abin da aka samu, Tegan kaɗai za a gaya wa, ban da ni. Na sani mana, har da ni aka yi gardamar wannan sashen.

Juma'a, 14 ga Maris

'Yan sanda sun kira Tegan. Ta zo min a fusace. "Mama, ba kowane namiji ne Baba ba. Kin gama yaƙinki, yanzu kina neman sabo a gidana." Na ce ta je ta ji kawai, in babu komai zan ba shi haƙuri a gaban masu sayen kifi. Ta bugo ƙofa ta fice. In kuma na rasa ta gaba ɗaya fa?

Talata, 18 ga Maris

Ba labarin Tegan. Na ƙona kifi.

Alhamis, 20 ga Maris

Tegan ta je wurin 'yan sanda, da ƙafarta. Ta shigo ta ƙofar baya, ta jawo kujera ta hau feraye dankali. An hana ta faɗin abin da ta ji, ni ma ban tambaya ba. Can ta ce, "Ni Brodie ce min ya yi tsohuwar budurwarsa mahaukaciya ce." Ta yi ta feraya. Sannan, "Jirginsu zai fita ran Asabar, Mama."

Asabar, 22 ga Maris

Jirgin na barin gaɓa Glenys ta faka a-kori-kurarta a ƙofar gidan, matan da muka yi fafutukar dokar tare na biye. Kafin rana ta take mun kwashe komai na Tegan. Karenta ne ya ƙi hawa, sai da Glenys ta saɓe shi a kafaɗa tana zaginsa. Ba ƙwarzane ko ɗaya a jikin 'yata. Ko ɗaya. Saja za ta taimaka mata ta samu umarnin kotu na hana Brodie zuwa inda take.

Laraba, 2 ga Afrilu

Brodie ya zo shagon da rana tsaka, duk da umarnin kotu, Tegan na ciki tana wanke-wanke. Murya ƙasa-ƙasa: "Noelene, magana kawai zan yi da ita." Na ce, "Nan kifi ake sayarwa, kuma layi ake bi." Ya nufi ƙofar kicin. Masu layi suka matso suka tare hanya, har da wani tsoho mai sanda. Ina kallon ƙwayar idonsa na buga wa 'yan sanda. Da suka tafi da shi Glenys ta ce wa masu layi, "Wa ke biye?"

Asabar, 12 ga Afrilu

Tegan ta ja ni cin abinci a wurin nan na bakin teku, ita ta biya. Ta yi ta surutu, ta yi dariya har ta ƙware. Sai da muka tashi na lura na zauna na ba ƙofa baya tun shigarmu. Rabona da haka tun kafin in auri Clive, kullum idona na kan ƙofa ko zai shigo. Kujerar da ta rage ke nan dai, ba wani abu ba.