Ƙugiyoyin Jabbar Kaka

Kubura,

Motar kwashe kaya ta zo kina rijiya, dole na bi ta zuwa sabon gari da dawarmu.

Kin san Baba ya rantse ba zai bar wa ruwan dam gidan nan ba sai an ɗauke shi hoto a ƙofar zaure cikin tsohuwar jabbar mahaifinsa. Jiya wuni na yi ina ɗinka mata sababbin ƙugiyoyin da na sayo a Mafara, kowacce da zobenta, har yatsana ya kumbura. Ɗazu na kai masa, ya juya ta ya ce, "Waɗannan ai na rigar mata ne." Ya sa reza ya yanke su duka a gabana, wai a mayar masa da na azurfa na asali. Wallahi fita na yi don kada bakina ya suɓuce.

Na asalin suna cikin gwangwanin madara a kan keken ɗinki. Ki mayar da su kafin mai hoto ya iso da la'asar. Ki fara sa ƙyalle ta ciki, don yadin ya ruɓe, kina jan zare yake yagewa.

Zoben ƙugiyar wuya ya ɓata, na share ɗakin kaf ban gan shi ba. Kada ki gaya masa, in ya ji yau ma ba za mu tashi ba. Ki bar wajen a buɗe, gemunsa zai rufe.

Yayanki,
Bube