Dambun da Babu Zogale

Birni, Damagaram
Farkon watan Azumi

Zuwa ga ɗana Abdulmumin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rahama da yara, kuma azumi ya zo muku da sauƙi a Yamai. Mu nan lafiya, sai zafi.

Na ji saƙonka ta salula. Na zaɓi in amsa a rubuce, domin magana irin wannan ba ta son gaggawa.

Ga yadda al'amarin yake. Mahaifiyarku Kaltuma, Allah Ya jiƙanta, ta bar abu biyu a bayan gida: kajinta masu ƙwai, da itatuwan zogale da ta dasa a jikin katanga. Kafin ta cika ta ce in kula mata da kajin, na kuma amsa. Bana bazara ta zo da ƙarfi. Da hantsi sai ka ga kaji sun saki fukafukai, baki buɗe, suna haki, ƙwan da suke yi kuwa ɓawonsa ya yi laushi. Likitan dabbobi ya ce in shanya ganyen zogale a inuwa, in dake shi, in cuɗa da dusa, in kuma jefa tafarnuwa da citta a ruwan randa. Bai ce magani ba ne, ya ce yana ƙara musu ƙarfin jure zafi. Na gwada, na ga alamar haka.

Amma ganyen ba shi da yawa, ruwan ban itatuwan ma daga 'yan ga-ruwa yake fitowa. Ka san mahaifiyarku ta saba barin ƙofar baya a buɗe, matan unguwa su tsinki na dambun shan ruwa. Ganyen ba zai ishi dambu da kaji ba. Saboda haka na rufe ƙofar.

Ka ce ana faɗin darektan lakwal, wato ni tsohon shugaban makaranta, ya tsufa, ya fifita kaji a kan masu azumi. Ka kuma ce in yanka su a yi Salla da su tun zafi bai kashe su ba. Na gode da shawara. Ba zan yanka ba, ba zan kuma buɗe ƙofar ba sai ruwa ya sauka. Akwai zogale a kasuwa ga mai dambu. Kaza ba ta zuwa kasuwa.

Ka gai da mutanen gida.

Mahaifinka,
Alkasum

Birni, Damagaram
Goman ƙarshe na Azumi

Zuwa ga ɗana Abdulmumin,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarku da jikin ƙaramar jikata da aka ce tana haƙora.

Ba zan ɓoye maka ba, makon jiya an yi rana wadda ban ga irinta ba, kaji kaɗan sun mutu, har da baƙar nan da mahaifiyarku take kira Hajiya. Na haƙa rami na binne ta da hannuna. Sauran suna nan, suna ci, suna ƙwai.

Mai unguwa, Malam Mai Nasara, ya zo har zaure. Ya ce ko don darajar marigayiya in sassauta. Na ce masa don darajarta na rufe.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Salamatu, aminiyar mahaifiyarku ta gidan da ke jikin namu. Tun kafin a haife ka, kwanonta yana shigowa gidan nan kowace yamma ta azumi, bai fasa ba ko bayan rasuwar. Shekaranjiya na buɗe murfin bayan kiran salla, sai na tarar da dambu fari fat, babu ganye ko ɗaya. Ba ta aiko da magana ba, na kuwa gane. Na zauna na cinye shi duka.

A gidan nan ba a mayar da kwano wofi. Na wanke shi, na jera ƙwan ranar a ciki. Sa'an nan na sari reshe mai kauri daga itacen da Kaltuma ta fara dasawa, na kai mata da kaina. Na gaya mata zogale ba ya buƙatar iri, a kafa reshen a ƙasa a ba shi ruwan alwala ya ishe shi. Ta karɓa, ba ta ɗaga kai ta dube ni ba.

Mahaifinka,
Alkasum

Birni, Damagaram
Bayan Ƙaramar Salla

Zuwa ga Abdulmumin, da ƙannensa Rashid da Hafsatu,

Barkanku da Salla, Allah Ya maimaita mana. Ina fata kowa yana lafiya.

Har yanzu ruwa bai sauka ba, ƙofar tana rufe, kaji suna raye. Salamatu ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Amma jiya da na hau tsani ina gyara rumfar kaji, na hango reshen nan a tsakar gidanta, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ya fitar da ganye.

Saboda haka ina neman haɗin kanku duka. Kada wanda ya sake yi mini zancen yanka. Kada wanda ya ba mutanen unguwa haƙuri a madadina. Da ruwan farko zan yi wa itatuwan sara, kowane gida ya samu reshensa. Wanda zai zo hutu a cikinku, ya zo da shirin haƙa ramin dashe.

Wassalam.

Mahaifinku,
Alkasum