Takardar da Umma Take Nema

Daren Laraba, Dengfeng

Kwana huɗu ke nan da tsare Abba. A cikin kayan da wani ya ba shi ya tura Kano aka samu bututun ƙarfe shida. An rubuta matatar man mota ce, amma kwastan suka ce abin rage ƙarar bindiga ne.

Yau na raka Umma ofishinsu, tunda ni kaɗai ke jin Sinanci a gidanmu. Ta tafi da hoton lasisin bindigar farauta na mai kayan, har leda ta saka shi. Ma'aikaciyar ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce lasisin wata ƙasa ba ya aiki a nan, kuma babu takardar da za ta halatta mana wannan abin. Ga shi Abba ne ya sa hannu a kan kayan.

Umma ta taɓa ni. "Hafsatu, me ta ce? Wace takarda ta rage?"

Na ce, "Ta ce mu dawo."

Yanzu ga ta can tana goge rigar Abba ta Juma'a. Na kasa fita falo.