Ɗaki Ɗaya Ya Bushe

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya yini a hanya, matata abar ƙaunata.

Ina fatan ke da yarinyarmu kuna lafiya a gidan Yayanki. Ki yi haƙuri da rubutun. Tun da ambaliyar nan ta janye daga unguwa nake kwasar laka da shebur, in cika baro, in zubar, in dawo in tarar kamar ban taɓa ba. Wallahi na gaji, masoyiyata, gajiyar da ta wuce tsoka ta shiga ƙashi. Amma duk ba ta kai nauyin saƙon da Yaya ya aiko mini ba: wai ya ware miki ɗaki a wajensa, wai mace ba ta komawa kufai da goyo, wai in bar ki ki zauna can sai abin da hali ya yi. Ke kuma kin yi shiru. Shirun nan naki shi yake cina.

Kin tuna tsofaffin littattafaina na rushewar duniya, waɗanda kike cewa sun cika mana kanta da ƙura? Ina karanta miki kina tsefe kai, labarin biranen da suka mutu, ciyawa ta tsiro a kan titi, mutum ɗaya yana tafe da buhu a kafaɗa yana neman hayaƙin wani ɗan Adam. Sai ki ja tsaki ki ce mutum da abincinsa a gabansa yana karanta yunwa. Har kika sa mini suna Sarkin Tanadi, don na bi shawararsu na tara ashana da gishiri da kyandir da wake. To, yi dariya son ranki: a ƙarƙashin gado na ɓoye su. Su ruwa ya fara ci! Gishirin ko alamarsa ban gani ba, waken kuwa ya tsiro a cikin buhu.

Littattafan ma sun sha ruwa, sun kumbura kamar burodi. Na shanya su a igiyarki ta wanki, in na zauna hutawa sai in riƙa raba shafukan da wuƙa ina karantawa. Da can rugujewar ce take jana, wuta da gudu da ihu. Ashe ban iya karatu ba. Marubutan nan na da, labarin washegari suke bayarwa: yadda ake tafasa ruwa a gwangwani, yadda tsohuwa ke ɗinke takalmi da waya. Allah ya saka musu da alheri, sun faɗi gaskiya cewa tsira aiki ne na kullum mai cin rai. Abu ɗaya suka ɓoye mini, ciwon baya. Jaruminsu sai ya yini yana ɗaga katako, bai taɓa cewa wash ba!

Kuma duk cikinsu ban ga wanda abinci kaɗai ya raya ba. Wanda ya tsira shi ɗaya, kafin ƙarshen littafi ya fara hira da bango. Ni ma na fara. Jiya maƙwabcinmu mai gyaran keke ya leƙo ta katanga ya ce, Malam, da wa kake faɗa haka? Da ke nake, muna gardamar inda za a mayar da kabad.

Ya hasken safiyata, me zan yi da gida in babu ke? Wa zai ja mini tsaki? Ina amfanin ƙofar da na gyara in ba ke za ki turo ta ba? Yaya yana da gaskiyarsa, ba na ja da shi, ƙanwarsa yake tausayi. Ba kuma zan yi miki ƙarya ba: katifa ta tafi, keken ɗinkinki ya yi tsatsa ko da yake na jiƙa shi da mai, tsakar gida har yanzu wari take yi. Ban san ko damina mai zuwa za ta ƙyale mu ba.

Amma ɗaki ɗaya ya bushe. Na wanke shi, na kunna gawayi a ciki har danshin ya fita, na shimfiɗa tabarma. Layin da ruwa ya bari a bango yana nan, ya kai ƙirjina. Maƙwabta duk sun shafe nasu da fenti, suna ta yi mini tsiya wai lalaci ya kama ni. Ban gaya musu dalili ba. Tun da muka shigo gidan nan ke kike zaɓen launi, kuma ba zan taɓa bangon ba sai kin zo kin tsaya a gabansa kin ce ga wanda kike so. In kin ce sai gaba, zan jira. In kin ce ba za ki zo ba, haka bangon zai zauna, ni ma haka.

Naki a wadata, naki a cikin laka, naki iya abin da ya rage mini na numfashi,
mijinki.